Hoton 'yan tsana masu gaɓoɓi: a ɗaki zan kafa dandalin, ko in fita da shi waje?

Auwal_Hoto

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan harka. Ina da 'yan tsana masu gaɓoɓi na ma'aunin 1:12, wato an rage girman mutum sau 12, irin masu tsawon inci shida, yawancinsu Marvel Legends, sai S.H.Figuarts guda biyu. Na gina musu ƙaramin dandali a kan falanki mai faɗin santimita 60, zurfinsa 40: lungu ne mai katangar bulo da ƙofa ɗaya, na shimfiɗa yashi a ƙasa. Kayan aikina kyamara ce mai sensa APS-C (matsakaiciyar sensa, wato ɓangaren da ke kama hoto), da gilashin 18-55mm da ya zo da ita, da wani gilashin 50mm f/1.8 (lambar f tana nuna buɗewar gilashi, ƙaramar lamba ita ce babbar buɗewa), da sandar ƙafa uku, da fitilun LED biyu na tebur.

A ɗaki hoton yana fitowa tsaf, amma duk wanda ya gani ya san roba ce a kan tebur. Ɓangare ɗaya na katangar ya yi fari fat, ɗayan ya yi duhu. A waje kuma hasken yana da kyau, sai dai ciyawa da tsakuwa suna tona asiri, iska tana kayar da su, kafin in gama saiti inuwa ta matsa. Abin da nake so shi ne hoton rana a cikin lungu, wani lokaci da ƙura tana tashi. Ina ya kamata in mai da hankali?

Malam Sabo Mai Kyamara

Wa alaikumus salam, Malam Auwal. Abin da ke lalata hoton ɗakinka ba kyamara ba ce, nisan fitila ne. Haske yana raguwa da ninkin nisa sau kansa: in nisa ya ninka biyu, hasken ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. To ka lissafa da dandalinka. In fitilar tana santimita 30 daga bakin falankin na kusa, ɗaya bakin yana santimita 90 ke nan, wato nisa ya ninka uku, hasken da ke isa can kashi ɗaya ne cikin tara. Shi ya sa rabin katangar ya ƙone, rabi ya dushe. Rana ba ta yin haka, domin tana da nisan da duk abin da ke cikin lungu haske iri ɗaya yake samu, inuwoyi kuma duk gefe ɗaya suke kwantawa a jere. Idon mutum ya saba da wannan tun yana yaro, ko bai iya faɗin dalili ba zai ji cewa wani abu bai yi daidai ba.

Ka mayar da fitilar mita biyu daga dandalin. Yanzu bakin kusa yana mita 2, na nesa yana 2.6, bambancin hasken bai kai ninki biyu ba, ido ba zai kama shi ba.

Abu na biyu girman fitilar. Kwan fitila mai faɗin santimita 6 da ke santimita 30 daga ɗan tsana, a ma'aunin 1:12 daidai yake da fitila mai faɗin santimita 72 a gaban mutum, irin ta ɗakin ɗaukar hoto. Inuwarsa za ta yi laushi, ba irin ta rana ba. Faɗin rana a sama kusan rabin digiri ne, wato faɗin abin da ke ba da hasken kashi ɗaya ne cikin ɗari da 'yan kai na nisansa. Don ka kwaikwayi wannan, kana bukatar haske mai faɗin santimita 2 a nisan mita biyu da ɗan ɗori. Tocila mai ƙarfi da aka cire wa gilashin gaba za ta yi, ko ka rufe fuskar fitilarka da baƙin kwali mai rami ɗaya (LED kaɗai, kar a yi wannan da kwan da ke zafi). Ka ɗaga ta sama, ta sauko a karkace kamar rana da hantsi, kar ta zo daga inda kyamara take.

Hasken zai yi ƙasa sosai, kuma wannan ba damuwa ba ce tunda babu abin da ke motsi. Kyamara a kan sanda, ISO 100 (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske), f/8 ko f/11, ƙiftawa (tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske) ta daƙiƙa ɗaya zuwa huɗu, ka sa jinkirin daƙiƙa biyu don kar hannunka ya girgiza ta. Fitila ta biyun kar ka haska ta kan dandalin kai tsaye, za ta haifar da inuwa ta biyu, kuma babu lungun da ke da rana biyu. Ka haska ta kan silin ko farin bango ta dawo a hankali, ita ce za ta tsaya a matsayin hasken sararin sama da ke cike inuwa. Ka rufe labule, ka kashe fitilar ɗakin. Hasken taga yana kusan 5500K zuwa sama (K ma'aunin launin haske ne), kwan fitila mai ja-ja yana kusan 2700K, in suka haɗu a hoto ɗaya fuska za ta yi launi biyu, kuma gyaransa a kwamfuta wahala ce. In za ka sayi fitila, ka duba wadda aka rubuta CRI 95 ko sama (CRI ma'aunin yadda fitila ke nuna launi na gaskiya ne), masu arha suna sa jan fenti ya koma kamar ruwan ƙasa.

Wani abu da ya shafe mu a nan: wutar lantarkinmu 50Hz ce, fitilun LED masu arha suna kyaftawa sau 100 a daƙiƙa. In ka ga layuka masu duhu a kwance cikin hoto, daga nan ne. Ka tsaya a ƙiftawa ta 1/100 ko 1/50 na daƙiƙa, ko wadda ta fi haka jinkiri, ko ka yi amfani da fitila mai batir.

Ra'ayina, ka fara ƙwarewa a ɗaki. A nan ne za ka iya canja abu ɗaya ka ga abin da ya haifar, sauran komai yana nan yadda ka bar shi.

Hajara_Zane

Malam Sabo ya gama da maganar haske. Ni dandalin nake so a duba, domin ko hasken ya yi daidai, yashin nan zai tona ka. Ƙwayar yashi mai faɗin milimita ɗaya, in ka ninka sau 12, tsakuwa ce mai milimita 12. Ciyawa mai tsawon santimita 10 ta zama mita 1.2, ta kai wa mutumin ƙirji. Wannan ne ke faruwa da kai a waje.

Ka cire yashin gini. Ka samo busasshiyar ƙasa, ka daka, ka tankaɗe da rariya mafi laushi, irin ta garin tuwo, ko ka sa ta cikin tsohuwar safa ka kaɗa. Ka shafa farin gam na kafintoci a falankin, ka barbaɗa ƙasar, ka bari ta sha iska, sannan ka fesa gam da aka sirka, kashi ɗaya gam, kashi uku ruwa, da ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke don ya ratsa maimakon ya taru a sama. Ka ba shi kwana ɗaya. In ya bushe launin zai ɗan yi duhu, sai ka ƙara barbaɗa busasshiya kaɗan a kai ranar ɗaukar hoto.

Ka kuma auna bulonka. Bulon siminti mai inci tara yana da tsawon milimita 450 da tsayin 225, a 1:12 ya zama kusan 37 da 19. Ƙofa mai tsayin mita 2.1 da faɗin 0.9 ta zama santimita 17.5 da 7.5. Yawancin masu farawa suna yin bulo babba da ƙofa gajera, sai ɗan tsanan ya yi kamar zai buga kai. In da soso ka yi katangar, mai santsin nan XPS ya fi farin mai ƙwaya-ƙwaya na cikin kwalin firij, domin ƙwayoyin suna bayyana a hoton kusa. Ko wanne ne, kar fentin feshi ko sufa gulu su taɓa shi tsirara, suna narka shi. Shafi biyu na farin gam tukuna, sannan fentin akirilik: launin tushe, sai baƙi ko ruwan ƙasa da aka tsinka da ruwa sosai ya shiga tsagogi, sai launi mai haske da burushi kusan busasshe a kan gefuna. Ƙasan katanga ya fi sama datti, kar a manta.

Baban Khalifa

Da girmamawa ga Malam Sabo, ban yarda a tsare Auwal a ɗaki ba. Ya ce hoton rana yake so, da ƙura. Duk dabarar da aka lissafa a sama ƙoƙari ne na kwaikwayon abin da yake samuwa kyauta a tsakar gida. Kuskuren da ake yi a waje shi ne ajiye ɗan tsana a kan ƙasar Allah, cikin ciyawa da tsakuwa. Maganinsa a ɗauki dandalin gaba ɗaya a fita da shi: ƙasar taka ce da ka tankaɗe, katangar taka ce, rana da sama da bishiyoyin nesa kuma na gaske. Haka Michael Paul Smith na Amurka ya yi aikinsa na Elgin Park, ƙananan motoci na ma'aunin 1:24 a kan tebur a waje, yana daidaita su da gine-gine da bishiyoyin gaske da ke bayansu, har mutane suka ɗauka tsofaffin hotuna ne.

Akwai lissafin da ke sa wannan ya zauna daidai. Idon mutum a tsaye yana kusan mita 1.6 daga ƙasa, a 1:12 santimita 13 ke nan. To tsakiyar gilashin kyamara ya kasance santimita 13 sama da falankin, kyamarar a miƙe, ba ta kallon ƙasa ba. Wannan doka ce ko a ɗaki, hoton da aka ɗauka daga sama shi ne ke fara nuna cewa abin wasa ne. Sannan in kana son bayan gaske ya haɗu da dandalin ba tare da girma ya saɓa ba, kyamarar ta kasance kusan mita 1.6 daga ƙasar gaske, wato falankin yana kusan mita 1.45. Gajeriyar katanga ta yi, ko tebur da aka ɗora wa akwati. A wannan tsayin, in bakin falankin na baya yana santimita 60 daga kyamara, zai rufe ƙasar gaske har zuwa mita bakwai da 'yan kai, daga nan ƙasar gaske ta ci gaba kamar ita ce ta dandalin. In ka ajiye shi a tebur mai tsayin santimita 90, komai na baya zai fito ya fi ƙima girma da kusan rabi. Wani lokaci hakan ba ya damuwa in bishiya ce, amma in gini ne mai taga da ƙofa za a gane. Bakin falankin kuma a ɓoye shi da ɗan tudun ƙasa ko gajeriyar katanga, kar ya fito a layi miƙaƙƙe.

Maganar ƙura ita ce ta fi sa ni cewa a fita. Don a tsayar da ƙura ko feshin ruwa a iska, ana bukatar ƙiftawa ta 1/1000 zuwa sama. A cikin rana tsaka, ISO 100 da f/16 suna tafiya da 1/100, saboda haka f/8 tana ba ka 1/400, in ka ɗaga ISO zuwa 400 ka samu 1/1600 a f/8. Fitilun tebur da aka matsar mita biyu ba za su taɓa ba ka wannan ba. Ka tara cokali ɗaya na tankaɗaɗɗiyar ƙasa a bayan ƙafafun ɗan tsanan, wani ya hura da abin hura iska na goge kyamara ko bututun shan lemo, kai kuma kana ɗauka a jere. Rana ta kasance a bayan ɗan tsanan ko a gefe, in tana bayanka ƙurar ba za ta fito ba, sai dai hoton ya yi dishi-dishi. Fuskar da ta shiga inuwa ka dawo mata da haske da farin kwali mai girman littafi, a santimita 15 zuwa 20 daga gare ta. Takardar alminiyam ta fi ƙarfi amma tana sa roba ƙyalli.

Lokaci: mu da ke kusa da tsakiyar duniya rana tana hawa kusan a miƙe, digiri 15 a sa'a, digiri ɗaya duk minti huɗu. Jan hasken safe da na yamma da ake yabo ba ya daɗewa a nan, wajen rabin sa'a ne. Ka gama saitinka tun kafin, da sandar santimita 15 a madadin ɗan tsanan. Daga ƙarfe sha ɗaya zuwa uku ka haƙura, hasken yana saukowa daga tsakar ka, ramin ido ya yi baƙi. In dole ne, ka riƙe farin yadi mara kauri rabin mita sama da dandalin. Lokacin hunturu kuma hazo yana yi maka aiki biyu: yana tausasa rana, yana kuma sa abin da ke nesa ya dushe, wanda shi ne ke ba hoto zurfi.

Iska kuwa, Blu Tack (ɗanko mai laushi na manna abu) ɗan ƙwaya a ƙarƙashin kowace ƙafa, ko waya ta alminiyam mai kaurin milimita 2 da aka soke a falankin ta tallafi bayansa. Ka ɗauki hoto ɗaya da ɗan tsanan, ka cire shi da wayar ka ɗauki wani nan take ba tare da taɓa kyamara ba, da na biyun za ka goge wayar a kwamfuta. Nan take nake cewa, domin in ka yi minti biyar inuwar katanga ta matsa, hotunan biyu ba za su haɗu ba.

Injiniya_MK

Baban Khalifa ya faɗi gaskiya a kan haske, amma a ƙara masa gargaɗin zafi. Yawancin jikin 'yan tsanan nan robar PVC ce, mai laushi da zafi, shi ya sa masu gyara suke tsoma su a ruwan zafi in gaɓa ta ƙage. Ranar Afrilu a arewa tana yin wannan aikin da kanta. Gwiwa da idon sawu suna saki, ya sunkuya ya faɗi da fuska, fentin hanci ya goge. Masu baƙaƙen kaya sun fi saurin ɗaukar zafi. Takobi da bindiga masu siriri suna lanƙwasa, in suka huce a haka sai an sake ɗumama su kafin su miƙe. Farar roba tana komawa rawaya in rana ta yawaita dukanta, wannan kuma ba ya dawowa da wanki. Masu 1:6 irin na Hot Toys su fi kowa kiyayewa, rigunan fatar roba suna ɓarewa da zafi. A ajiye su cikin akwati a inuwa, a fito da su minti biyar zuwa goma, a mayar. Kar a bar su cikin mota a rufe.

Ƙura in ta shiga gaɓa tana cin ta a hankali har ta yi sako-sako. Bayan an gama, burushin hoda mai laushi tukuna, sannan a hura, kar a murɗa gaɓar kafin a share. Gilashin kyamara kuma kar a canja shi a wajen da ake hura ƙasa. Masu amfani da garin fulawa a madadin ƙura, kar a haɗa shi da wuta ko tartsatsi, garin da ke yawo a iska yana kamawa.

Malam Sabo Mai Kyamara

Na karɓi maganar ƙura, a waje ta fi sauƙi. A ɗaki sai da filashi: a 1/16 ko 1/32 na cikakken ƙarfinsa walƙiyarsa gajera ce ƙwarai, ita ke tsayar da ƙurar, kyamara tana 1/200 ɗakin kuma da duhu. Wanda ba shi da filashi ya fita waje.

Amma akwai wurin da waje ke gazawa, shi ne zurfin fokas, wato iyakar abin da ke fitowa tar daga gaba zuwa baya. Mai hoton da ke tsaye mita uku daga mutum, a 1:12 kyamararka tana santimita 25 daga ɗan tsana. A wannan kusancin, da gilashi a buɗe sosai ido zai fito, kunne ya dushe, kuma wannan dushewar ita ce babbar alamar ƙaramin abu a hoto. Don ka samu zurfin da f/4 ke bayarwa a kan mutum na gaske, lissafi ya ce sai kusan f/48, wanda gilashinka ba shi da ita, kuma tun daga f/16 hoton APS-C yake fara laushi. Hanyar ita ce ɗaukar hotuna 8 zuwa 15 a f/8, kowanne ka matsar da fokas kaɗan daga gaba zuwa baya, ka haɗa su a kwamfuta da manhajar Helicon Focus ko Photoshop. Wannan yana son komai ya tsaya cak, haske bai canja ba, ganye bai motsa ba. A ɗaki abu ne mai sauƙi, a waje sai ranar da babu iska. Ka kuma ajiye 50mm ɗin, ba ya ma kama fokas a ƙasa da santimita 35 zuwa 45. 18-55mm ɗinka a 18 zuwa 24mm ya fi kusantowa, ya fi ba da jin cewa mai kallo yana cikin lungun. Wayar hannu ma tana da amfani a nan saboda ƙanƙantar gilashinta, zurfinta a buɗe ya kusa na babbar kyamara a f/8. A juya ta kai ƙasa don gilashin ya sauko daidai idon ɗan tsanan.

Hoton dare, cikin ɗaki, hasken fitilar titi, hayaƙi da ke tsaye a iska, duk waɗannan na ɗaki ne. Turaren tsinke ɗaya a bayan dandalin, a kashe fanka, a jira hayaƙin ya bazu ya daina yin zare, haske daga baya. A waje iska za ta kwashe shi kafin ka danna.

Auwal_Hoto

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Zan sake ƙasar da bulon kamar yadda Malama Hajara ta ce, in gwada fita da shi da yamma. Tambaya ɗaya ta rage: ranar da ba zan iya fita ba, zan iya sa hoton sama a talabijin a bayan dandalin?

Hajara_Zane

Za ka iya. Ka bar tazarar santimita 40 zuwa 50 tsakanin bayan dandalin da allon, don ɗigoginsa su dushe kar su yi zane-zane a hoto. Ka rage hasken allon har sama ta daina ƙonewa a kyamara, yawanci ƙasa da rabi. Ƙiftawa 1/50 ko ƙasa. Yawancin allo farinsu yana kusan 6500K, in fitilarka mai ja ce sama za ta yi shuɗi fiye da kima, sai ka daidaita ɗaya da ɗaya. Ka duba inda rana take a hoton da ka sa, fitilarka ta zo daga wannan gefen. Layin da sama ta haɗu da ƙasa a hoton ya tsaya daidai tsayin gilashin kyamara, santimita 13 sama da falankin. In fitilar tana bayyana a fuskar allon, ka tare ta da baƙin kwali daga gefe, ko ka ɗan karkata talabijin ɗin ƙasa.